Ranar da Agogo Ya Riga Rana Faɗuwa

Har abada ba zan manta da wata Laraba ba, ana saura kwana kaɗan azumi, ƙarfe shida da rabi na yamma. Lokacin ina ɗaliba, ina koyon aiki a shagon ƙanin mahaifiyata a Tambuwal, inda ake haɗa agogon masallaci mai nuna lokutan salla. Aikina shi ne ɗura lissafin lokutan a cikin 'yar ƙwaƙwalwar da muke kira cif. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, har sai da Kawu ya sayo inji daga Kano. Cif ɗaya ake sa masa a matsayin uwa, ya kwafe abin da ke cikinta zuwa takwas a lokaci guda. Da tasa uwar ya zo, an riga an ɗura mata lokuta, muka yi amfani da ita. Yini ɗaya muka gama agogunan masallatan Kebbe da Fakku, mota za ta kwashe da safe.

A yammar Larabar nan, ina shara sai agogon gwaji ya yi ƙarar magariba. Na leƙa waje, ga rana ja tana nan bisa rufin maƙwabta. Mutanen ƙauye za su yarda da agogon nan, su sha ruwa rana ba ta faɗi ba.

Ni ba mai magana ba ce, da ƙyar na ce, "Kawu, agogo ya riga ladan."

Ya yi dariya. "Ɗiyata, azumi bai kama ba kin fara ƙagara?"

Na nuna masa ranar. Ya dafe kai. "Lokacin Kano na! Can rana ta riga tamu faɗuwa."

Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo mini, ya koya mini gyara lissafin uwar zuwa na ƙasarmu. Washegari da hantsi yana ciro cif daga agogunan yana miƙo mini, ina jerawa a injin takwas-takwas, direba yana ta danna odar mota a ƙofa. Da ɗaya-ɗaya ne, da motar ta tafi ta bar mu.

Da motar ta tashi na ce, "Kawu, ko mu daina aiki da injin nan? Ya ba ni tsoro."

Amsarsa ce nake riƙe da ita har yau, nake kuma gode masa. Ya ce, "Mi injin ya yi? Abin da munka ba shi ya maimaita. Ke dai duba uwar da kyau tukuna, in ta inganta ki bar shi ya yi saurinsa."