Ranar da Na Tsaya a Sahun Dangin Bafalasɗine

Ƙwaƙwalwata yanzu ta zama abar tausayi, ina neman tabarau yana kan hancina. Amma akwai abu guda da ba za ta taɓa zubarwa ba har a kai ni kabari: yammacin da na tsaya ina karɓar gaisuwar rasuwar mutanen da ban taɓa gani ba.

Muna da majalisa a Kurayyat, nan Jidda, bayan la'asar, a ƙofar shagon wani Bafalasɗine mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Shekara da shekaru yana fito mana da benci da shayi bai taɓa cewa mun ishe shi ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba, sauran danginsa kuwa duk suna Gaza. Ni ne alƙalin majalisar. Ba wanda ya naɗa ni, na ga kujerar ba kowa ne na hau. Karatuna kuwa, tun a Sudan malaminmu ya ce wa mahaifina kada ya wahalar da kansa.

Da yaƙin Gaza ya tsananta, sai shari'a guda ta cinye majalisar. Masu ƙarar biyu ne: abokina, tsohon direban tirela, Bahaushen Sudan kamar ni, da mijin 'yata, mai aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya.

Direba ya kan buga cinyarsa ya ce, “Kisan ƙare dangi ne, shi ke nan. Mata, yara, asibiti, ga yunwa. Me ya rage kuma?”

Surukina ya kan sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ban ce ba ta'asa ba ce. Amma a dokar duniya kalmar tana da sharaɗi. Sai an tabbatar da niyyar shafe al'umma, ko wani sashe nata, don kawai su ɗin ne. Masana da yawa sun ce sharaɗin ya cika, wasu sun ce laifin yaƙi ne, masu yin kuma suna cewa mayaƙa suke nema. Kotu ce za ta raba.”

“Niyya a goshi ake rubuta ta? In na bi ta kan mutane da tirela yau, gobe na sake, jibi na sake, sai ka ce a jira a tambayi zuciyata?”

Ni kuma sai in gyara hula in ce, “Kotu ta ji. An ɗage zama sai gobe, a kawo shayi.” Da Hausa muke yi don kada mai shago ya ji. Shi yana ciki da kayan aikinsa, wayarsa a kusa, kullum yana dubanta. Musun ya yi zafi har direba ya daina amsa sallamar surukina da baki, sai da ka.

Wata rana muka tarar da shagon a rufe. Washegari ma haka. Na ja ƙafa na je gidansa. Na same shi zaune a ƙasa, ɗakin kamar tanda, mai gyaran mukayyif bai kunna nasa ba. Ya faɗa mini a hankali. Mahaifiyarsa, ƙannensa, matansu da 'ya'yansu, duk sun taru a gida ɗaya don suna ganin ya fi aminci. Gidan aka saukar a kansu.

Na yi addu'ar da na iya, sannan na tambaye shi yaushe za a zauna karɓar gaisuwa. A Jidda akwai yadda ake yi: a jera kujeru bayan magariba, dangin mamaci su tsaya a sahu, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa musu kafaɗa.

Ya girgiza kai ya ce da Larabci, “Ya hajj, wa zai tsaya? Sahu na dangi ne. Mutum ɗaya ba ya zama sahu.”

Na dubi ɗakin nan, na san in na fita na bar shi haka, zai rufe ƙofa da gawawwakinsa a ƙirji, ba wanda zai dafa shi. Sai na ɗaure fuska na ce, “Ka san ni alƙali ne. Na yanke hukunci, gobe za a zauna, kuma ba ɗaukaka ƙara.”

Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “In za ka tsaya.”

Surukina ne ya nemo kujeru, direba ya kawo gahawa da dabino. Da lokaci ya yi, mai rashi ya tsaya, na tsaya a gefensa. Ban kira kowa ba, sai na ga direba ya matso kusa da ni, surukina ya matso kusa da direba, kafaɗa da kafaɗa. Mutane suka yi ta zuwa, Yamalawa, Misirawa, Bangalawa, duk wanda ya taɓa kwana cikin sanyi saboda hannun mutumin nan.

Wani dattijo ɗan ƙasa ya dafa mai rashi, ya iso kaina ya tsaya, ya dube ni, ya dube shi, ya ce, “Me kake a wurinsa?”

Kafin in buɗe baki, Bafalasɗinen ya ce, “Yayana ne.”

Na ce, “Na riga shi fitowa ne, rana ta fi dukana.”

Sai mai rashi ya yi dariya, 'yar gajeruwa, ta juye ta zama kuka. Ya kifa kansa a kafaɗata yana yi, mutane suka tsaya suna jira. Tun da labarin ya zo masa bai zubar da hawaye ba sai a lokacin. An kira ni da sunaye da yawa a ƙasar nan, wasu ba sa maimaituwa, amma ba a taɓa ba ni wanda ya kai wannan ba. Har gobe ina gode masa.

Da ya sake buɗe shago, ya kawo shayi ya ce, “Musun me kuke yi da yarenku? Ina jin sunan garinmu a ciki.” Surukina ya faɗa masa gaskiya, bai rage komai ba.

Ya ce, “Kada ku daina. Ina so a kira abin da sunansa a gaban alƙalai, da hujja, don kada wata rana wani ya ce ba a yi ba.”

Suna musun har yanzu, sai dai yanzu da Larabci. In ka tambaye ni, zuciyata tana wajen direba, amma na yarda da surukina cewa hujja ce za ta tsaya a kotu, ba bugun cinya ba. Abin da na koya shi ne, neman sunan da ya dace da zalunci aiki ne babba, kuma yana ɗaukar lokaci. Wanda aka zalunta kuwa yana kusa da kai yau. Kada ka bar shi ya tsaya shi kaɗai.