Ba a Hawa Sai an Biya

Shekarar da aka hana acaɓa a Minna, ni na fi kowa shan wuya, kuma ban yarda a yi mini gardama ba. Allah ya yi ni dogo, ya kuma ba ni jiki. In na shiga keke napep sai na naɗe kamar tabarma, gwiwa a haɓa, kai yana dukan rufi. Direbobi kuwa da sun hango ni a bakin titin Chanchaga sai su kau da kai su ƙara wuta. 'Yata, da ke aji biyu a firamare, ta sha bulalar latti saboda girman ubanta. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Wani abokin aikina ya ce akwai mai kawo babur mai caji daga Legas, ba shan mai, ba ƙara, ba mai ce maka ɗan acaɓa. Na nufi shagon a Fadikpe. Mai shagon ɗan Bida ne, siriri kamar tsintsiya. Babura uku a jere, kowanne da kujerarsa a lulluɓe da leda. Na zaɓi babban, na ɗaga ƙafa zan hau.

"A'a, Malam! Ba a hawa sabo sai an biya. In leda ta fashe, wa zai saya?"

"To yaya zan san zai ɗauke ni?"

"Tsaya ka gani."

Ya shimfiɗa hankici a kan ledar, ya ɗare. Wato shi dokar ba ta hau kansa ba. Ya kira telan da ke maƙwabtaka da shi, wani tsamurarre irinsa, ya goya shi, suka zaga layin suka dawo suna washe baki.

"Ka gani? Mutum biyu, ko gezau!"

Su biyun a haɗe ba su kai ni ba. Na sani sarai. Amma 'yan kallo sun taru, kunya ta hana ni auna kaina da bakina a gabansu. Na biya, na yage ledar da hannuna.

Ranar Litinin yarinyar ta hau bayana cikin kayan makaranta, tana ɗaga wa ƙawayenta hannu. Gwiwoyina suna zungurin kan babur ɗin, amma muna tafiya. Da muka fara hawan tudun da ke kusa da makarantar sai abin ya soma nishi. Ya yi ta rage gudu har wata Bagwariya da doya a kafaɗa ta wuce mu tana waige. Daga nan ya tsaya cak.

"Baba, bari in sauka," in ji 'yata. "Ni ce na yi masa nauyi."

Kafin in buɗe baki ta dire, ta ruga da jakarta. An riga an kaɗa ƙararrawa.

Da yamma na tura babur ɗin har Fadikpe, ina gumi ina huci. Mutumin ya dubi kujerar, bai ko dube ni ba.

"Malam, ai ka cire leda."

Na yi masifa har muryata ta dushe, na turo abina gida. Wallahi da abin ya tsaya nan da tuni na yafe masa. Washegari na tarar da kokon yarinyar da ƙosanta a ajiye, ba ta taɓa ba. Uwarta ta tambaye ta ko ciki ne ke ciwo. Ta ce a'a, so take ta rage nauyi don babur ya iya hawa tudun da mu.