Kunnen Dama na Gwaggo Gergina

"Na ce ka kashe, Zdravko. Ko kai ma ka kurumce ne?"

"Gwaggo, ai ya kusa kamawa."

"Ya kama me? Wannan layin tari yake yi. Kashe, sake bugawa."

Na kashe. Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu saura minti tara. Da ƙarfe huɗu ƙungiyarmu ta mutum biyar za ta kara da 'yan birnin Varna a wasan harbi na kwamfuta, kowa daga ɗakinsa ta layin tarho. Jiya Momchil, shugabanmu, ya tare ni a tashar bas ya ce idan lambar jinkirina ta sake haura ɗari uku, ƙanin matarsa zai hau gurbina. Ban ga laifinsa ba. Wasa biyu a jere ina harbin inda mutum ya tsaya ɗazu, harsashina na isa bayan ya sha kwana.

Gwaggo Gergina maƙwabciyarmu ce, ƙofarta ke kallon tamu a hawa na uku. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin haɗa waya na garinmu, tana soka igiya tana zarewa, har aka kawo injin da ke yi da kansa, aka miƙa wa ma'aikatan furanni aka sallame su. Aikin ya cinye kunnenta na hagu. Abin da ta ji a layi duk shekarun nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Na sha zama a kicin ɗinta ina jiran ko zai suɓuce, sai dai ta ƙara tura min farantin banitsa, gurasarta mai cuku. Shekaranjiya a matakala ta ce kukan modem ɗina, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, yana ratsa bango, kuma sau da yawa da mura yake tashi. Shi ya sa na roƙe ta ta shigo.

Tana shigowa ta cire tarhon zaure daga bango, ta janye wayata daga bayan firij tana tsaki. Sannan ta ja kujera, ta karkata kunnen dama ga akwatin modem.

"Hanyoyi da yawa ne daga nan zuwa babban ofis," in ji ta. "Wasu ta ƙarƙashin gada suke bi, jiya kuwa an kwana ana ruwa. Duk bugu da sa'arsa."

Na sake bugawa. Lambobin suka riƙa fita ɗaya-ɗaya, ƙat-ƙat-ƙat, kamar ba sa so. Fito, ƙara, sai shuuu. Allon ya nuna gudun layi: dubu arba'in da huɗu. Tun da na sayi modem ɗin ban taɓa ganin haka ba.

"Gwaggo! Kin ga? Mun samu!"

"Kashe."

"Haba Gwaggo, dubi lambar mana."

"Ni na yi kama da mai duba lamba? Akwai ruwa a cikinsa, na ji tsartsar. Yanzu yana maka burga, minti goma zai fara shaƙewa, ka tsaya ƙiƙam a tsakar fili su yi maka ruwan harsashin ƙaryar taku."

Saura minti biyar. Ƙarfe huɗu na ranar Lahadi kowa a garin ke neman layi, idan na saki wannan babu tabbas zan samu wani. Hannuna yana kan linzamin kwamfuta. Ba ta kalle ni ba, idonta a rufe.

Na kashe.

Bugu na gaba, layi a cike. Na gaba ma haka, tut-tut-tut.

"Shi ke nan, Gwaggo. Kin kashe ni."

"Rufe min baki, ɗan nan, ina saurare. Buga."

Saura minti biyu. Ya shiga. Fiton ya tashi siriri, ƙarar ta biyo baya, shuuu ɗin ya miƙe sumul bai karye ba. Allon ya ce dubu talatin da ɗaya.

"Wannan ai tafiyar kunkuru ce."

"Kunkurun da ba ya tuntuɓe. Taɓa shi ka ga yadda zan yi da kai."

Na shiga zauren wasa. Sunayen abokaina huɗu suna jere, ga sunan ƙanin matar Momchil a ƙasa yana jira. Kusa da nawa lambar jinkiri ta yi rawa, ta tsaya a ɗari da tamanin. Na ƙirga numfashi goma, ba ta motsa ba.

Rubutun Momchil ya fito: "Kai, layin wa ka sato? Kama ƙofar hagu."

Na juya in yi godiya, ta riga ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Kada uwarka ta mayar da tarhon zauren nan sai kun gama," ta ce daga bakin ƙofa. "Ni na tafi, tattasai na can yana jirana a gasa."

Na ji silifas ɗinta suna ƙetare zaure.