Kazar da Aka Yanka wa Salwa

Juma'ar farko ce bayan Mauludi, shekarar da nake aji biyar a firamare, ragowar alewar Mauludin ma ba ta ƙare a gidanmu ba. Da hantsi Baba ya tsuguna gindin darbejiyar tsakar gida yana wasa wuƙa a jikin dutse, ni kuma ina tsaye riƙe da kazar Kaka, hannu ɗaya a fukafukanta, ɗaya a ƙafafunta. Ina jin ɗumin jikinta da bugun zuciyarta a tafin hannuna. Kaka na zaune a bakin angarib, gadon igiyar nan da ba a rasa shi a kowane gida na Omdurman, tana ɓare tafarnuwa, ta kawar da kai don ba ta iya kallon yanka. Baba ya gwada kaifin wuƙar a farcensa ya ce, “Kawo ta, Zainabu.” Abin da ya kamata in faɗa bai fi numfashi ɗaya ba: baƙuwar da za a yanka wa kazar nan ba za ta zo ba. Na san haka, domin ni da bakina na hana ta zuwa. Sai na miƙa masa kazar.

Kaka mahaifiyar Baba ce. A gonakin audugar Jazira ta yi ƙuruciyarta da aurenta, tana tsintar auduga har yatsunta suka kanannaɗe. Da Baba ya samu aiki a wata masana'antar sabulu a Bahri, ya kama gida a Omdurman, sai ya je ya ɗauko ta. Ta iso a bayan babbar mota da tabarmarta, da turminta, da kwandon kaji a kan cinya. Maƙwabtanmu tattabaru suke kiwo a kan katanga, ita kuwa da hannunta ta kwaɓa ƙasa ta gina akurki a kusurwar gidan, ta yi masa ƙofa da murfin tsohuwar ganga. Kullum da sassafe za ta buɗe shi, ta kaɗa tsaba a ƙwarya, tana yi wa kajin magana ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa wannan faɗa, tana yaba wa waccan. In maƙwabta sun tsokane ta sai ta ce, “Kajina Hausa suke ji, a bar mu.”

Ni ce 'yar aikin akurkin. Kafin in sa kayan makaranta sai na share kashinsu na zuba gindin lemun tsami, na wanke kaskon ruwa na cika shi daga randa, na dama dusa da ragowar kisra, gurasar dawan nan mai laushi da muke ci kusan kullum. In na dawo, in akwai 'yan tsaki, aikina zama ƙarƙashin rumfa ina ɗaga kai sama, don shirwar Omdurman ba ta da kunya, har a gaban mutum take kawo sura. A nan nake carabkena da 'yan duwatsu, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Duk cikin garken babu wadda Kaka take ji da ita kamar wata wake-wake mai gajerun ƙafafu da take kira 'Yar Jazira, jikar jikar waɗanda ta taho da su a kwando. Ba ta fashin ƙwai, in ta yi kwanci kuma ko ɗaya ba ta bari ya lalace. Ta taɓa yin tsalle ta haɗu da shirwa a iska, ta dawo da gashin wuyanta a tsige, amma 'ya'yanta cif.

A makaranta kuwa ba Zainabu ba ce ni, Zainab ce. Larabcina ba ya da maraba da na kowa, kuma da zarar na fita ƙofar gidanmu nake ninke Hausata in ajiye. Babbar ƙawata Salwa, 'yar wani ma'aikacin gidan waya, benci ɗaya muke zama, tare muke cin karin kumallonmu na ƙarfe goma, ta gutsuro mini burodinta da wake, in ba ta dafaffen ƙwai. Sau da yawa in an tashi nakan bi ta gidansu, mahaifiyarta ta zaunar da ni a tire ɗaya da 'ya'yanta. Gidan siminti ne, da fanka, babu kaza ko ɗaya. Da Kaka ta ji yawan zuwan da nake yi, sai ta ce wannan ba daidai ba ne, ba a yi ta cin abincin mutane ba tare da 'yarsu ta san ɗanɗanon tukunyarku ba. Ta ce in kawo ta ranar Juma'a. Na gaya wa Salwa ranar Litinin, ta yi ta murna, har tana tambaya ko za a bar ta ta ɗauki ɗan tsako.

Ranar Laraba komai ya lalace. Akwai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a ƙofar makarantarmu, Bahaushiya, na sani, don na sha jin tana ƙunƙuni da harshenmu. A ranar, wata yarinya 'yar aji shida ta tsaya tana kwaikwayon Larabcinta, yadda haruffan maƙogwaro suke ƙin fita a bakinta. Yara suka kewaye suna dariya. Ni ma na yi, har na fi wasu ƙara. Ina cikin dariyar ne na gane muryar da ake kwaikwayo muryar Kaka ce sak. Na tuna ƙafafunta masu faso, da hirarta da kaji, da warin daddawar batso da take yi da 'ya'yan yakuwa, wadda in ta buɗe tulunta har gida na uku sai an sani. Ban ma duba ko Salwa ta yi dariyar ba. Washegari Alhamis, muna tashi, na ce mata kakata ba ta da lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita, sai wani lokaci. Ta ɓata fuska ta ce Allah ya ba ta sauƙi. Na dawo gida da niyyar in ce Salwa ce ta fasa, sai na tarar Kaka har ta jiƙa dawa, ta daka yaji, ta kuma yanke shawara a kan 'Yar Jazira, don zakara ɗaya ne ya rage, sauran kuma ƙanana ne, babu abin ci a jikinsu. Na ce zan faɗa da yamma. Na ce zan faɗa da safe.

Da Baba ya yanka 'Yar Jazira, ni na fige ta a ruwan zafi. Kaka ta babbake ta a kan gawayi, ta wanke da lemun tsami, ta fasa cikin. A ciki akwai curin ƙwayayen da ba ta kai ga sakawa ba, rawaya, daga mai girman goro har zuwa mai girman ƙwayar dawa. Kaka ta tsaya tana kallonsu a tafin hannunta, sannan ta zuba su a ƙaramin kwano. Ta sulala naman da albasa da citta da kanumfari da masoro har ƙamshin ya tsallaka katanga, ta tsame, ta soya da man riɗi, ta barbaɗe da yajin ƙuli. Romon ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da shi, ta sa daddawarta kaɗan, “don kada ta yi wa yarinyar ƙarfi,” in ji ta. Inna, mahaifiyata, ta tuƙa tuwon dawa mai laushi. Aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka kora kajin akurki tun rana tsaka, Kaka ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa biki.

Baba ya dawo daga masallaci, muka jira. Inuwar darbejiya ta tashi daga randa ta koma kan katanga. Sau uku Kaka tana aike ni bakin titi in duba, sau uku ina zuwa in tsaya in dawo in ce ban gan ta ba. Da aka kira La'asar ta ce a ci, wataƙila wani uzuri ne ya taso musu. Amma kafin kowa ya sa hannu sai da ta ware cinya biyu, da ƙirji, da ƙundu, da ƙwayayen nan, ta jera a kwanonmu mai murfi, ta ɗaure da kyalle, ta ɗora mini a ka. Ta ce rabon yarinya ne, a kai mata.

Ban kai ba. Ta yaya zan shiga gidansu da girkin matar da na ce tana kwance? Na yi ta zagaya unguwa har kwanon ya huce a kaina. Daga ƙarshe na gangara wani kwari da ruwan damina yake bi, inda ake zubar da shara, na kwance kyallen na kife. Kafin in hau gangaren karnuka biyu sun iso. Na goge kwanon da yashi, na ɗauraye a famfon bakin hanya, na dawo na ce sun gode, baƙi ne suka yi. Kaka ta buɗe murfin ta leƙa. Ta ce, “Ikon Allah. Ko dabino uku ba su saka ba?” A unguwarmu ba a mayar da kwano haka nan. Na ga ta ɗan ɓata rai da mutanen da ba su yi mata komai ba.

Ranar Lahadi da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ni na buɗe. Salwa ce da mahaifiyarta, da jakar lemo a hannu, sun yi ta tambaya har aka nuna musu gidan. Sun zo duba mara lafiya. Mara lafiyar kuwa tana tsakiyar gida a tsaye, zane a ɗaure a ƙirji, tana watsa tsaba tana zagin zakara. Mahaifiyar Salwa ta ƙarasa ta ce, “Salamtik, ya Hajja,” gaisuwar da ake yi wa majinyaci, ta ce Zainab ta gaya musu zazzaɓi ya hana a karɓi Salwa ranar Juma'a, shi ne hankalinsu bai kwanta ba.

Kaka ta dube ni. Sau ɗaya, kuma ba ta daɗe ba. Sai ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta dafa ƙugu, ta ja ƙafa zuwa angarib ta zauna kamar mai jin jiki. Da Larabcinta ɗin nan, wanda na ji wa kunya, ta ce eh, zazzaɓi ne, amma alhamdulillahi yau ta samu ta miƙe. Ba ta ambaci kaza ba, ba ta ambaci kwano ba. Inna ta buɗe baki, Kaka ta ce mata ta ɗora shayi. Suka zauna har kusan Magariba. Mahaifiyar Salwa, ashe 'yar ƙauye ce daga arewa, ta yi ta tambayar yadda ake sa kaza ta karɓi ƙwan wata, suka yi ta dariya tare. Salwa na tsugune bakin akurki da ɗan tsako a hannu, ko kallona ba ta da lokacin yi. Babu wanda ya toshe hanci, babu wanda ya yi murmushin da nake tsoro.

Bayan sun tafi Inna ta ciro takalminta ta yo kaina. Kaka ta ce ta bar ni. Ta kira ni na durƙusa a gabanta, ina jiran tambaya, ina ta shirya wata ƙaryar. Ba ta tambaye ni komai ba, ko inda naman ya tafi. Ta ce, “Da kin gaya mini, 'yar nan, da na tafi gidan gwaggonki na wuni, ki kawo ƙawarki hankali kwance. Ita kazar me ta yi miki?” Sai ta miƙe ta je rufe akurki. Na so a ce dukana aka yi.

Daga ranar, duk lokacin da wata ƙawata ta zo, Kaka takan gaisa a taƙaice ta shige ɗakinta, ta zauna cikin zafi har sai an tafi. Salwa kaɗai takan bi ta ciki. Garken ma bai sake komawa yadda yake ba. Babu wata uwa mai zuciyar waccan, shirwa ta yi ta ɗiba, har aka wayi gari kaji huɗu ne a akurkin. Kaka ta rasu ina shekara ta biyu a babbar sakandare. A zaman makoki ne, muna wanke kofunan shayi ni da Salwa, na gaya mata duk abin da ya faru. Sai ta ce tun muna aji ɗaya kowa ya san mu Hausawa ne, ita ba ta taɓa ɗauka abin ɓoyewa ba ne.

Da na yi aure na koma unguwar Kalakla, cikin wani gida da aka malale tsakarsa da siminti, babu inda kaza za ta yi tono. In na yi baƙi, shago nake aikawa a kawo ta a daskare cikin leda, ba kai ba ƙafa, ba wanda ya san uwarta, ba wanda zai kawar da kai don an yanka ta. Cikin sa'a ɗaya na gama, kowa ya ci ya yaba. A da kuwa, in aka ce za a yi wa baƙo girki, sai wani a gidan ya rabu da abin da yake so, kuma ya yi hakan da zanen biki a jikinsa. Shekara shida muka ƙara yi da Kaka a gida ɗaya, ina cika mata buta, tana yi mini kitso. Ban taɓa ce mata ta yafe mini ba, ita kuma ba ta taɓa nuna tana jira ba.