Sakaina Mai Huda Biyu

'Yata ce ta jawo min. Tana koyarwa a wata makarantar yara a Kano, ta bugo waya wai in rubuto mata sunayen kayan wasanmu na da, za a nuna wa ɗalibai. Na ce, "Ke duk tsofaffin Gwarzo ni kika raina?" Ta yi dariya ta kashe. Haka 'ya'yan yanzu suke, su ɗora maka aiki su bar ka da ciwon baya.

Na dai zauna a zaure bayan la'asar da biro. Motar kara. Gare, wato tsohuwar tayar keke da muke korawa da sanda. Koɗi, da muke murzawa a rairayi. Shanun laka masu ƙahon ƙaya. 'Yar tsanar ƙashi ta 'yan mata. Sai na zo kan wata aba na cije. Sakaina ce ake goge gefenta ta zama kamar kwabo, a yi mata huda biyu, a zira zare, a murɗa, a riƙa ja ana saki tana kuka fuuu. Kukan yana kunnena, sunan ya ƙi zuwa. Na tambayi sa'o'ina a ƙofar masallaci, kowa ya ce ya san ta, babu wanda ya kawo suna. Kai, tsufa bai yi ba.

Mutum ɗaya na san zai sani, yayana da ke Gude. Shi ya fara yi min ita. Amma shekara tara ba mu yi magana ba. A kan iyakar gonar gado ne. Gaban dagaci da mutanen gari na ce masa azzalumi, ya dube ni kawai ya tashi. Daga baya na gane shi ke da gaskiya, bakina ya yi nauyi. A gidanmu ƙani ba ya yi wa wansa doguwar magana, sai dai ya je ya durƙusa ya ce a yafe masa, shi ke nan. Ni ko zuwan na kasa. Ga shi ana ta cewa yana kwance, ƙafafu sun kumbura.

Na ce to, dalili ya samu, in na shiga da maganar sakaina sai in roƙi gafara. Na hau mota zuwa Kabo, ɗan acaba ya ƙarasa da ni, duk gaɓoɓina suna ciwo.

Matarsa ta gan ni ta yi salati, ta shimfiɗa min tabarma a bakin gadonsa. Ya rame, wallahi sai da na kau da kai. Na durƙusa. Ina wuni, ya jiki, ya iyali, ya damina, ya dabbobi. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare na sake ɗaukowa daga farko, ya sake amsawa, bai nuna ya lura ba. Maimakon in ce ya yafe min, sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, wai mene ne sunan sakainar nan mai zare?"

Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu, yana ja yana saki, babu komai a tsakaninsu.

"Ni ma ban taɓa sanin sunanta ba," in ji shi. "Kuka ka cika yi in Inna ta tafi tallan nono. Na ga wasu yara da ita, na yi maka don ka yi shiru."

Ya sauke hannuwan. Ya juyo ya dube ni sosai, abin da bai yi ba tun shigowata.

"Abin da ya kawo ka ke nan?"

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Kunya ta rufe ni, ni da furfurata. Na ce, "Eh, shi ke nan, Yaya."

Ya ce, "To, madalla. Ka gaida gida."

A mota na yi ta gaya wa kaina Juma'a mai zuwa zan koma ni kaɗai, in faɗa. Ranar Laraba aka bugo min da hantsi, ya rasu. Na samu sallar, na samu ɗaukar makara, mutane suna ta cewa Alhamdulillahi da muka shirya kafin ya tafi. Ban musa wa kowa ba. Na gaji da yawa, kuma wa zan gaya wa? Da bakinsa ya tambaye ni, na ce eh.