Jegon Jamus

A shekarata ta uku a jami'a shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ce ina cikin waɗanda za a tura ƙasar waje su yi simesta ɗaya. Gurbi biyu ne, ɗaya a wata jami'a a Holand, ɗaya a Jamus, kuma tunda makina ya fi na sauran, ni zan fara zaɓa. Don murna, a trotro, ƙaramar bas ɗin haya, har na wuce inda zan sauka, sai da na ga kasuwar Asawase na farga.

Injiniyancin ruwa nake karantawa, kuma duk wanda ya tashi a bakin babbar kwatar Aboabo ba zai tambaye ni dalili ba. Mu a gidanmu in hadari ya haɗo, katifu muke fara ɗorawa kan kabad kafin a tuna da shanya. Kwatar takan cika da leda da robobi, ta yi amai cikin ɗakunan mutane. Jami'ar Holand ɗin ƙarama ce, a wani gari da ko sunansa ban iya faɗa daidai ba, amma aikinta ke nan kacokan: ruwa. Akwai wata farfesa a can da ta ƙare rayuwarta a kan magudanan unguwannin talakawa irin tamu, kuma takan riƙe ɗalibin da ya burge ta ya koma ya yi digiri na biyu. Ta Jamus babba ce, tana da suna, sai dai hanyoyi da gadoji suka fi ƙarfi a kai, rabin darussan ma da Jamusanci ake yi. Abu ɗaya kawai ta fi ɗayar da shi: a garin yayana yake zaune da matarsa, yana tuƙin motar kai kaya.

Ni dai tun a trotro na gama zaɓa. Holand.

Mma, mahaifiyata, atamfa take sayarwa a babbar kasuwa, kuma ban taɓa ganin mai saye ya shiga rumfarta ya fita da abin da ya zo nema ba. Da abin da ita ta ga dama yake fita, yana godiya. Da na faɗa mata labarin ta yi guɗa, ta yi hamdala, sannan ta tambayi sunayen garuruwan. Da na ambaci garin Yaya sai ta sa na maimaita. A lokacin na ɗauka kewar ɗanta ce ta taso mata.

Ba ta ce kada in je Holand ba. Mma ba ta hana mutum abu, ciniki take yi da shi. Washegari muna tsince wake ta ce, "A Holand ɗin nan, wa zai tare ki?"

"Makaranta za ta ba ni ɗaki, Mma."

"Ɗaki na tambaye ki? Kakanki da ya zo fataucin goro daga Kano, bai taɓa sauke jakinsa a garin da ba shi da mai masauki ba. Mu haka muka gada. In kin kwanta zazzaɓi, ɗakin ne zai dama miki koko?"

Na ce zamani ya canza. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta. Bayan kwana biyu ƙanwarta ta zo daga Asawase da labarin wata yarinya da ta je ƙasar Turawa ita kaɗai, kaɗaici ya taɓa mata kai. Sai limamin layinmu, wanda tun ina ƙarama gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya tsayar da ni a hanya ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Ni kuwa, mai makin da ya fi na kowa, ban tambayi kaina yadda liman ya san zancen ba.

Daga nan Yaya ya kira ta bidiyo. Ya zaga da ni gidan, ya buɗe wani ɗan ɗaki mai taga, da gado, da tebur a jikin bango. Ya ce, "Ga ɗakinki, ga teburin karatunki. Ba haya, ba komai. Ke dai ki zo." Matarsa tana zaune a kujera, fuskarta kawai na gani. Na ce mata ta yi kumatu, man shanun Jamus ya karɓe ta. Ta yi dariya ta rufe fuska da mayafi, Mma da ke gefena ta ce in daina surutu.

Malamin da ke duba aikina bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Ya ce in na bar Holand, na bar abin da na shekara uku ina nema. Na san gaskiya ya faɗa. Amma kullum na dawo gida sai in tarar da Mma ta yi tagumi, tana cewa ita dai hankalinta zai fi kwanciya in ina hannun Yaya. Na ce a raina, tsohuwar nan ita ta yi ta ɗaga atamfa har na kai inda nake, simesta ɗaya ba zai gagare ni ba don ta yi barci da daɗi. Kafin babbar sallah na je na ce Jamus. Gurbin Holand ya faɗa hannun wani ɗan ajinmu, Ba'asante daga wajen Manhyia. Ya zo ya yi mini godiya da Turanci, ya ga bai isa ba, ya sake da yarensu, Tuwi.

Ana gobe zan tashi Mma ta fito da wani akwati ja, ta riga ta cika shi, ta sa masa kwaɗo. Ta ce saƙon Yaya ne. A Zongo, unguwanninmu na Hausawa, matafiyi ba ya tafiya hannu rabbana, kowa da ɗan ƙullin da zai ba ka ka kai wa nasa, kuma ba a buɗe saƙon wani. Na tambaya ko akwai abin da za a kama ni da shi a filin jirgi, ta ce kayan miya ne da sabulu. Na ja abina.

Matar Yaya ce ta buɗe mana ƙofa, kuma cikinta ne ya fara fitowa kafin ita. Haihuwa yau ko gobe. Na yi ihu na rungume ta, ina ta zagin Yaya da wasa don ya ɓoye mini. Ban ji komai a raina ba, don mu ba ma shelar ciki, balle na fari. Sai dai a ji an haihu. Muka ci abinci, muka yi hira, sannan ta ce a kawo jan akwatin. Yaya ya ciro mabuɗi daga aljihunsa, wanda Mma ta aiko masa tun tuni ta hannun wani.

Ina zaune a ƙasa aka buɗe. A sama akwai busasshen kifi da yaji, kamar yadda aka ce. Ƙarƙashinsu kanwa ce ƙulli guda, da garin gero, da busasshen ganyen darbejiya cike da leda, da man kaɗanya, da baƙin sabulu, da zannuwan goyo sababbi, har da ɗan tsumman da ake gasa cibiyar jariri da shi. Ba sai an karanta mini ba. Kayan jego ne, cif.

Matar Yaya tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka. Ta ce, "Kai, Allah ya saka wa Mma. Wallahi ranar da aka hana ta biza na yi kuka paa. Sai ta ce in share hawayena, Allah ya kawo hanya, za ta turo ki."

Na ce, "Biza? Yaushe Mma ta nemi biza?"

"Bayan ƙaramar sallah mana, da ta je Akra." Ta dube ni, ta dubi mijinta. "Ba a faɗa miki ba?"

Na tuna tafiyar Akra ɗin. Dubiyar wata 'yar'uwa aka ce mana, ni na ma raka Mma tasha. Na juya wajen Yaya, ya duƙufa yana karanta bayan ledar yaji kamar jarrabawa zai rubuta a kai. Na tashi na shiga ɗakin da aka nuna mini a bidiyo. Teburin yana nan. An shimfiɗa masa katifar canza wa jariri kaya, da kwalin famfas a ƙarƙashi.

An yi mini ungulu da kan zabo, kuma uwata ce ta ƙulla. Na zauna a bakin gado raina yana tafasa, na rasa wa zan fara kama. Da Yaya ya leƙo na ce masa, "Ashe 'yar raino kuka yi oda." Ya ce in ji tsoron Allah, ai ba wanda ya hana ni karatu, taimako ne kawai safe da yamma. Na ce in taimako ne me ya sa aka sa masa kwaɗo. Ya ja ƙofa ya fita.

Mako biyu da fara darasi matar Yaya ta haihu, namiji. Wankan jego aikin tsofaffi ne, ni ko jaririn kwana ɗaya ban taɓa riƙewa ba. Sai aka jingina waya a kan madubin banɗaki, Mma daga Aboabo tana ba da umarni: ruwan bai yi zafi ba, ƙara ganye, tallafe masa wuya, ba haka ake danna ciki ba. Babu murhu babu garwa, a tukwanen miya nake tafasa ruwan, in yi ta jigila daga kicin. Kafin in gama da uwa, in gama da ɗa, in dama kunun kanwa, darasin safe ya yi nisa. In shiga aji a makare ina warin darbejiya, malami yana zuba Jamusanci, ni ina gyangyaɗi. Yaya kuwa tun asuba ya fita da motarsa.

Sau da yawa na so in tambayi Mma a wayar nan, amma kullum matar Yaya tana tsaye da tawul, kuma ita ba ta yi mini komai ba. Ba ta da kowa a ƙasar, ɗinki aka yi mata, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Yaron ma, in faɗi gaskiya, ya shiga raina. Yana da wata ɗabi'a ta kama babban yatsana in ina masa wanka, ya ƙi saki. Wannan ya ƙara mini haushi, don ko fushin ma ba a bar ni na yi shi yadda nake so ba.

Ɗan ajinmu yana turo mini hotuna daga Holand, da zuciya ɗaya. Ga shi cikin dogon takalmin roba a wani ɗakin gwaji da aka gina unguwa guda ƙarama a ciki, ana sakar mata ruwa a ga inda zai bi. Ya ce ya ba farfesa labarin kwatar Aboabo da nake yawan ba su a aji, ta ce tana son a yi aiki a kai. Na tura masa alamar tafi, na kife wayar. Da arba'in ta cika an riga an wuce ni. Darasi ɗaya na ajiye da kaina, ɗaya ya ajiye ni, sauran na tsallake da ƙyar. Kafin in haɗa kayana ya rubuto cewa farfesa ta ce ya koma ya yi digiri na biyu.

Ranar da na sauka a Aboabo, tun daga bakin layi aka fara yi mini sannu. Mai kokon da ke kusa da gidanmu, wata Badagomba da ta san ni tun ina rarrafe, ta ajiye ludayi ta ɗaga hannu biyu.

"Eii, 'yar Hajiya ya dawo! Sannu da jego! Yaya jariri, ya yi ƙiba? Tun sallah Hajiya ya faɗa mana kai za ka je ka yi wanka. Ka yi ƙoƙari paa!"

Haka aka yi ta yi har ƙofar gida. Matar liman, da mai gyaran babur, da masu kitso a zaure, kowa yaya mai jego, yaya yaro. Ba wanda ya ce yaya karatu. Ashe duk layin an sani tun kafin in je in ce Jamus. Ni kaɗai aka bari a duhu, ina ta yawo a gabansu ina auna jami'o'i.

Na jira baƙi suka watse. Mma tana zaune a gado tana linke atamfofin da za ta fita da su, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na faɗa mata darussan da na rasa, na faɗa mata abin da ɗan ajinmu ya samu. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kowa da rabonsa.

Na ce, "Mma, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ciki ne. Ana faɗin ciki?"

"An faɗa wa mai koko."

Hannunta ya tsaya a kan atamfar. Sannan ta ci gaba da linkewa.

"Ni na haife ki, na san halinki. Ke in kin sa abu a gaba ba kya ganin kowa. Da na ce miki jego ne, Holand za ki ce, a bar yarinyar mutane ta haihu ba mai zuba mata ruwa. Ƙarya na yi?"

A nan ne hawayen da na riƙe tun daga Jamus suka zubo. Wata da watanni ina yi wa kaina wannan tambayar a bakin tukunyar ruwan zafi, kuma na san amsar. Da ta zaunar da ni ta ce an hana ta biza, matar Yaya ba ta da kowa, da na yi kuka, na yi masifa, na ƙi cin abinci kwana biyu, sannan na je na ce Jamus da bakina. Abin da na rasa da na rasa shi duk da haka, amma da ni na bayar.

Mma ta ga ina kuka ta ɗauka gaskiyarta ce ta kama ni. Ta dafa kaina, ta ce ba komai, ta yafe mini, in tashi in ci abinci.