Fedar Hagu

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, a kakar shekarar da soja suka sake karɓe mulki, saura 'yan kwanaki a buɗe makarantu. Na kifar da kekena a kan tabarma a tsakar gida, sirdi ƙasa tayoyi sama, na ajiye sabuwar feda ta ƙarfe a gefe tana ɗaukar ido. Inna tana surfen gero, kaji suna zagaye turmi, ƙannena sun tsuguna suna kallona kamar wani likita. Na riga na sauya fedar dama, na ɗora kile, wato sifana, a kan ta hagu ke nan sai na ji gyaran murya daga zaure. Baba Babba ne, wan mahaifina. Na yi furfura yanzu, amma idan na tuna gyaran muryar nan har yau ƙirjina zafi yake yi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bana da Gaya, a gindin wani dogon tudu na marmara. Ƙasa da mu fadama ce, rake da shinkafa da giginya iya ganinka. A nan muka tashi, muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsaye daga shinkafa, muna tonon muruci, muna kai shanun noma ruwa, idan mun samu sarari mu yi langa ko mu gara tsohuwar taya har masallaci. Keken da muka sani shi ne baƙin nan mai nauyin tsiya, wanda yaro ke zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa a karkace saboda ƙafarsa ba ta kaiwa daga sirdi. Zuwa Gaya kuwa hanya biyu ce. Ta kwari doguwa ce, kuma yashi ne mai cinye taya. Ta tudu gajeriya ce, amma duwatsu ne da hawa, mai baƙin keke turawa yake yi yana haki.

A shekarar na ci jarrabawar shiga kolej a Gaya. Ba mu da kowa a cikin gari da zai riƙe ni, kuma mahaifina yana buƙatata ga shanu da yamma. Magana ɗaya ya yi: "In kana iya tahiya ka komo kullum, ka yi lakwal ɗinka. In ba ka iyawa, ga gona." Shi ke nan. Lakwal ɗin, wato karatuna gaba ɗaya, ya rataya a kan abin hawa.

Ragon da na yi kiwo da hannuna aka sayar, muka ƙetare gada ni da mahaifina zuwa kasuwar Malanbil. Can a wata rumfa wani dattijo mutumin ƙasar Dandi yake sayar da tsofaffin kekuna da ake kawowa daga Kwatano, irin waɗanda ake kira betete, masu kaurin taya da bites da yawa, wato giyar sauya gudu. Mahaifina baƙin keke ya so, don shi ya sani. Dattijon ya tambaye ni irin hanyar da zan bi, na faɗa masa, sai ya ce in bar kallon fenti. Ya sa na ɗaga kowane keke da hannu ɗaya, na juya taya na kasa kunne, na matse birki, na tsaya da sanda tsakanin ƙafafuna a ga ko ya yi mini tsawo. Wani ja mai walƙiya ya tafi da hankalina, amma ƙafarsa ta baya tana rawa. Wanda na ɗauka a ƙarshe kore ne, duk ya koɗe, tayoyinsa masu ƙuraje, marar nauyi ƙwarai. Ranar da na fara hawa tudunmu da shi, na sa ƙaramin bites na haye har ƙoli ban sauke ƙafa ba, sai na tsaya can sama na yi ihu ni kaɗai. Ga rufin Gaya can, ga kogi yana ƙyalli.

Aibinsa ɗaya, fedarsa ta roba ce. Silifas yana zamewa a kanta idan akwai raɓa, ta hagu ma ta tsage da ta daki dutse. Na yi ta tallar muruci har na iya komawa wurin dattijon, na zaɓi ta ƙarfe mai haƙora wadda ke kama tafin takalmi. Da zai ba ni, ya riƙe hannuna ya nuna mini a kan wani keke, ya sa na kwance na ɗaure da kaina har ya gamsu. "Ta hagu ba ta bin sauran," in ji shi. "Inda ake kwance kowane ƙarfe, ita nan take ɗauruwa. Kuma hannun da ke riƙe ta farin ƙarfe ne mai laushi, kar ka yi masa ƙarfi." Na haddace maganar nan kamar karatun allo.

To, Baba Babba tsohon soja ne. Ya daɗe da barin aiki, amma da soja suka dawo kan mulki sai ya zaro tsohon takalminsa ya goge, tafiyarsa ma ta sake. A zamanin nan ba shi kaɗai ba, duk wanda ya taɓa sa kaki, ko ƙaninsa ya taɓa sawa, sai ya mayar da gidansu bariki. Ya shigo ya tsaya a kaina, ya ce yaro bai san ɗaurin ƙarfe ba, ya fizge kilen. Ya murɗa ta inda kowa ke kwance noti. Fedar ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙara kamewa, don ɗaure ta yake yi bai sani ba. Na durƙusa kamar yadda aka koya mana, na ce a hankali, "Baba, wagga ta hagu ce, can baya aka murɗa ta."

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. "Ni za ka koya ma aiki? Bindiga nika kwancewa in ɗaure ido ruhe tun ba a haihe ka ba!" Inna ta tsaya cak da taɓarya a hannu, amma matar ƙani ba ta sa baki. Ya aiki ƙanena ya ɗauko wani bututun ƙarfe, ya zura a bakin kilen, ya taka da takalmin nan nasa ya hau da duk nauyinsa. Na ji ƙara ƙas, sannan fedar ta soma juyawa sakaka, garin farin ƙarfe yana zuba a kan tabarma. Ya cinye zaren ramin da fedar ke ɗauruwa a ciki ƙurmus. Ya gwada sabuwar fedar, ta shiga ta faɗo. Ya sake gwadawa, ta sake faɗowa. Sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Kayan banza ne. An cuce ku."

Abin da ya fi ƙona mini rai ba marin ba ne. Mahaifina ya dawo daga fadama, ya tsuguna ya shafi garin ƙarfen da yatsa, ya dubi kumatuna, ya dubi bututun da ke yashe. Ya gane komai, na ga ya gane. Amma sai ya juya ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." Gidan nan cike da manya, kowa ya ga abin da ya faru, aka rasa mutum ɗaya da zai ce dattijo ya yi kuskure. Gara keken ya zama na banza, gara dattijon Malanbil ya zama macuci, gara ni in zama marar kunya.

Na tura keken har Gaya. Masu walda suka ce wutarsu ba ta kama irin wannan ƙarfe. Masu gyara suka ce hannun fedar baƙin keke ba ya shiga. Dattijon Malanbil ya girgiza kai ya ce in yi haƙuri, idan kaya suka zo daga Kwatano zai cire mini wani. Haƙuri kawai ake buƙata, amma Baba Babba ba zai iya wucewa kullum yana ganin keken nan jingine da rumbu da hannu ɗaya ba. Ranar kasuwa, ina wurin shanu, ya sa aka ɗora shi a amalanke, ya musanyo shi da baƙin keke mai kariyar ɗora kaya a baya. Ya shigo da shi yana kaɗa ƙararrawa, aka ce in je in yi godiya. Na je na durƙusa na yi. Wannan godiyar ita ce ƙarya mafi ɗaci da bakina ya taɓa furtawa.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Idan na bi tudu, turawa nake yi har rigata ta jiƙe. Idan na bi kwari, yashi ya riƙe ni. Kullum sai na tarar an shiga aji, mai kula da latti ya sa ni durƙuso a rana, wani lokaci ya kore ni gida ɗungum. Darasin farko na safe lissafi ne, ban taɓa samunsa daga farko ba. Kafin hutun farko sakamakona ya lalace, aka kira mahaifina. A hanyar dawowa bai yi faɗa ba, bai kuma dube ni ba, ya ce kawai rake ya isa sara. Baƙin keken ya yi wa gidanmu amfani sosai, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru yana kai rake kasuwa, ni ne kuma mai tuƙa shi, ina wuce ƙofar kolej ina jin ana buga ƙararrawa.

Rubutun nan da nake yi ma a ajin yaƙi da jahilci na gyara shi, ina da aure. Baba Babba ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, ina kuma yi masa addu'a kamar yadda ya wajaba. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa komai a kan ranar nan ba, ni kuma ban iya mantawa ba.

Yanzu betete ya cika Gaya, hannun feda kuwa tuli ne a kowace rumfar gyara. Bara na saya wa 'yata Ramatu nata, don ita ma ta ci kolej, kuma tudun yana nan inda yake. Muna ɗaura sabon abin sauya bites a tsakar gidan nan, ina jan waya, sai ta ce, "Baba, ba haka aka yi ba, ka ja ta da yawa." Wallahi na ji zafi ya taso mini, na ji hannuna na dama ya yi nauyi. Na dubi hannun, na dubi yarinyar ta yi tsuru tana jira. Sai na miƙa mata kilen na matsa gefe. Da safe ina tsayawa bakin gona in ga ta haye tudun ba ta sauke ƙafa ba, har ta ɓace ta wajen da nake hango rufin Gaya. Abin da na roƙa ke nan ranar nan, a matsa mini gefe kaɗan.